A Daina Yi Wa Wasannin Gem Kuɗin Goro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in faɗi ra'ayina a kan wani abu da ya riga ya shiga kusan kowane gida a ƙasar nan, amma har yau manyanmu ba su zauna sun dube shi da idon basira ba, wato wasannin bidiyo, waɗanda yara da manya suka fi sani da sunan gem. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani taron iyaye da malamai da aka yi a makarantar da nake koyarwa, inda wani dattijo da nake ganin girmansa ƙwarai ya miƙe ya ce duk yaron da ya saba da gem to an yi asararsa, kuma da za a bi ta tasa, da an tattara na'urorin nan kaf an cinna musu wuta. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Ban iya tanka masa a wurin ba, saboda ba tarbiyyarmu ba ce yaro ya ja da babba a bainar jama'a, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ni kaina na haura shekara 30 ina buga gem iri-iri, na san wanda ya amfane ni a cikinsu, na kuma san wanda ya cutar da ni.

Kalmar gem jaka ce da aka zuba abubuwa masu nisan bambanci a cikinta, kamar yadda kalmar abinci ta haɗa tuwon dawa da alewa. Uban da ya hana 'ya'yansa gem gaba ɗaya, da uban da ya miƙa wa ɗansa waya ya juya baya, kuskure ɗaya suka yi, domin babu wanda ya tsaya ya tambayi wane gem ne a cikinsu. Kuma a iya abin da na gani, yaron da ya ɗanɗana wasanni daban-daban ya fi wanda ya liƙe wa guda ɗaya dare da rana kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, saboda shi ya san akwai wasan da ake gamawa a ajiye, ya kuma san akwai wanda aka ƙera musamman don kada ya saki mutum.

Gem ɗin da na fara riƙewa a hannuna wata 'yar na'ura ce ta roba mai cin batir biyu, wadda kawuna ya kawo mini tsaraba daga Kano ina firamare. An rubuta a jikinta cewa tana ɗauke da wasanni 9999, amma 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa, kuma wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na tubalan da ke saukowa daga sama, kai kuma kana juya su kana jerawa don su cike layi ya ɓace. Sai da na girma na san sunansa Tetris, kuma wani masanin kwamfuta mai suna Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙiro shi a Mosko a shekarar 1984. Babu jini a cikinsa, babu magana, babu labari, sai lissafin wuri da saurin yanke shawara. Har gobe ina ganin yana cikin mafi nagartar wasannin da aka taɓa yi, domin yana koya wa yaro abin da mu malamai muke shan wahalar koyarwa a aji, wato idan ka ajiye tubali a inda bai dace ba, kuka ba zai gyara maka ba, sai dai ka yi haƙuri ka share layukan da ke samansa ɗaya bayan ɗaya har ka kai ga ramin da ka bari.

Daga nan sai na'urar da ake jonawa da talabijin, wadda ake cusa wa kaset ruwan ɗorawa. A layinmu gida ɗaya ne kawai yake da ita, don haka bayan mun taso daga Islamiyya sai mu cika falon gidan mu bakwai ko takwas a kan tabarma ɗaya, muna buga Super Mario Bros., wanda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1985, ko da yake na'urar da ke gabanmu kwaikwayo ce ba ta asali ba. Idan kaset ya ƙi kamawa sai a zare shi a hura masa iska a mayar. Ba a iya ajiye inda aka tsaya, saboda haka idan aka ɗauke wuta, duk wahalar da aka sha ta tafi, sai a koma farko. Dokarmu ɗaya ce, duk wanda ya faɗa rami ya miƙa wa na kusa da shi. Abin da na fi tunawa kuwa shi ne uwar gidan, wadda da zarar ta ji an fara kiran sallar magariba sai ta fito daga madafa ta zare wayar daga bango ba tare da ta ce uffan ba, mu kuma mu tashi mu nufi buta. Wasan yana tsakiyar gida, a kan idon manya, kuma akwai hannun da ke iya kashe shi. Wannan shi ne babban abin da muka rasa a yau.

Lokacin da na'urar gem mai suna PlayStation ta iso, sai harkar ta bar gidaje ta koma shaguna. Duk wanda ya taso a Zariya ko Kano ko Kaduna a ƙarshen shekarun 1990 ya san yadda gidan gem yake: ɗan shago mai labule a ƙofa, benci biyu, talabijin uku ko huɗu, ƙaramin janareta yana ta ƙara a waje, ga zafi ga warin gumi, kuma wanda aka ci shi ne zai biya. Wasan da ya mamaye ko'ina shi ne ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami, Winning Eleven, mai sharhi da harshen Japananci, wanda ba mu jin ko kalma ɗaya a ciki amma mun haddace shi kamar karatu. Lokacin ba a daɗe da Nijeriya ta ciyo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ba, saboda haka kowa yana so ya ɗauki Nijeriya, kuma kowa ya san idan ƙwallo ta shiga ƙafar Tijjani Babangida, ɗan Kaduna da ke buga wa ƙungiyar Ajax a lokacin, babu mai tsaron bayan da zai iya kamo shi. Ba zan iya kwatanta irin alfaharin da yaro Bahaushe yake ji ba idan ya ga sunan da ya yi kama da na yayansa a cikin wasan da aka ƙera a Japan.

Ba zan ɓoye ba, a gidan gem na ga abubuwan da suka sa dattijon nan yake da hujja. Na ga yaron da aka aika cefane ya zauna ya kashe canjin, na ga waɗanda suka gudo daga makaranta da kayan makarantar a jikinsu, na kuma ga yadda "wanda aka ci ya biya" yake rikiɗewa a hankali ya zama zuba kuɗi a tsakiya, wanda kuwa caca ce ko da me aka kira ta. Amma a nan ne kuma na yi abokan da har yau muke zumunci, kuma a nan na koyi cewa idan aka ci ka sai ka miƙa hannu ka tashi. Laifin ya fi yawa ga wurin da aka bari babu mai sa ido, da masu shagon da ba su damu da ko lokacin makaranta ne ko lokacin salla ba, muddin kuɗi na shigowa.

Akwai kuma wasannin da tun farko ba a yi su don yara ba, kuma masu yin su ba su ɓoye hakan ba. Lokacin da Mortal Kombat ya fito a 1992 da jininsa da cire kawunansa, iyaye a Amurka sun tayar da jijiyar wuya har majalisar dattawan ƙasar ta zauna a kan batun a 1993, abin da ya kai ga kafa hukumar ESRB a 1994 don ta riƙa rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa. Turai ma ta kafa nata tsarin mai suna PEGI a 2003, mai lambobi 3 da 7 da 12 da 16 da 18. Irin waɗannan lambobi suna nan har a shagon Google Play da ke cikin wayar kowa, a ƙarƙashin sunan kowane wasa, amma iyaye nawa ne a cikinmu suka taɓa dubawa? Na sha shiga shago na tarar da yaro ɗan shekara tara yana buga Grand Theft Auto: San Andreas, wasan 2004 da aka rubuta wa 18, yana fizgo mutane daga mota yana bi ta kan masu tafiya a ƙasa, manya suna zaune suna kallo. Ni ma na buga shi, kuma ba zan musa cewa an ƙware wajen gina birnin da ke cikinsa ba, amma zuciyata ba ta taɓa kwanciya da wasan da yake ba mutum lada don ya yi fashi ba, kuma ba zan bar shi ya shiga gidana ba ko da 'ya'yana sun kai shekarun.

Wasannin da suka canza mini tunani su ne na dabara da tsara mulki, waɗanda da wuya ka same su a gidan gem saboda suna buƙatar kwamfuta da natsuwa. Ina jami'a wani abokin ɗakina ya nuna mini Age of Empires II, wanda ya fito a 1999. A cikinsa za a ba ka 'yan ƙauyawa kaɗan, kai za ka raba musu aiki, wasu su yi noma, wasu su sari itace, wasu su haƙo zinare da dutse, sannan ka yanke shawarar ko ganuwa za ka fara ginawa ko kasuwa ko barikin soja, alhali maƙiyi yana can yana nasa shirin. Idan ka tara soja ka manta da gona, yunwa za ta tsayar da kai, idan kuma ka tara dukiya ka manta da tsaro, wani ne zai ci. A cikinsa na bi yaƙe-yaƙen Salahuddin Ayyubi mataki-mataki, kuma sha'awar da wannan ya tayar mini ce ta kai ni ɗakin karatu neman tarihinsa na gaskiya. A 2015 an ƙara wa wasan wani sashe mai suna The African Kingdoms, inda aka shigo da daular Mali da labarin sarkinta Sundiata, da Habasha, da kuma Tariƙ bin Ziyad.

Amma ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da na ji Hausa tana fitowa daga cikin gem. A 2021 masu Age of Empires III suka fitar da ƙarin da suka kira The African Royals, wanda ya shigo da al'ummomi biyu, Habashawa da Hausawa. Babban birnin Hausawan a wasan shi ne Kano, jagorarsu Sarauniya Amina, akwai rumbu, akwai shanu, akwai fada, akwai maroƙa, akwai mayaƙan da aka kira Lifidi da Maigadi, kuma idan ka ba talakawanka umarni da Hausa suke amsa maka. Ina zaune da babban ɗana a gaban kwamfuta, sai ya nuna wani doki da aka lulluɓe ya ce, "Baba, me ya sa suka sa wa dokin bargo?" Na ce masa ba bargo ba ne, lifidi ne, rigar yaƙi ce da ake ɗurawa auduga a ɗinke ta da kauri don kibiya da mashi kada su huda doki da mahayinsa. Da sallah ta zo na riƙe hannunsa muka tafi ƙofar fadar Zazzau kallon hawa, kuma da 'yan lifidi suka ɓullo shi ne ya fara hango su, ya dinga jan rigata yana cewa ga su nan, ashe da gaske ne. Shekarunsa goma sha ɗaya yana garin nan, an sha kai shi kallon hawa, amma bai taɓa tambayar sunan abin da yake gani ba sai da ya gan shi a cikin wasa.

Ban ce masu wasan sun daidaita tarihi ba. Haɗa Amina ta Zazzau da gadon sarautar Kano a matsayin ƙasa ɗaya abu ne da duk ɗalibin tarihi zai yi wa gyara, domin ƙasashen Hausa kowace da sarkinta take, kuma sun sha gwabzawa da juna. Amma wannan kuskuren ma ya yi mana amfani, domin a kansa muka zauna na ba yaron labarin Hausa Bakwai da Turunku da ganuwar da ake jingina wa Amina. Na kuma ga cewa a wani wasan tsara mulki mai suna Civilization VII, wanda ya fito a watan Fabrairun 2025, an sa Amina cikin shugabannin da mai wasa zai iya zaɓa, kafaɗa da kafaɗa da manyan sarakunan duniya. Yau akwai matasa a Koriya da Brazil da suka san sunanta ta wannan hanya, alhali a ajina akwai waɗanda ba za su iya faɗin abu biyu a kanta ba.

Wannan yana faranta mini rai, yana kuma sosa mini zuciya. Wasu ne a can nesa suka ga darajar tarihinmu, suka yi bincike, suka zana dawakinmu da gine-ginenmu, suka sayar wa duniya, mu kuma muna nan muna gardamar ko a ƙona na'urar ko a bar ta. A Yawunde ta Kamaru, kamfanin Kiro'o Games ya fitar da wasansa mai suna Aurion a 2016, wanda aka gina a kan al'adun Afirka, kuma a Legas akwai Maliyo Games tun 2012 suna yin wasannin waya. Mu da muke da dara, wadda ake haƙa ramukanta a ƙasa kowa ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu, kuma dabarar da ke cikinta ba ta gaza ta kowane wasan allo ba, mu da muke da langa da dambe da kokawa da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, me ya hana yaranmu su mayar da su gem? Abin da ya hana, a ganina, shi ne yawancinsu ƙwallo da harbi kawai suka sani. Wanda bai taɓa ganin wasan da ake gini ko noma ko warware matsala a cikinsa ba, ba zai taɓa kawo wa ransa cewa shi ma zai iya ƙera nasa ba.

Shi ya sa na bar 'yata take buga Minecraft, wasan da wani ƙaramin kamfani na ƙasar Suwidin ya kammala a 2011, Microsoft ta saye shi a 2014 a kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Wasa ne na tubala, kamar a ba yaro yumɓu marar ƙarewa. Wata rana ta kira ni in ga abin da ta gina, sai na tarar da gidan kakarta na ƙauye ne, da zaurensa, da turakar mai gida, da rijiya a tsakar gida, da rumbuna biyu a bayan ɗaki, har da turken akuya. Ta ce rumbun ne ya fi ba ta wahala saboda tubalan masu kusurwa huɗu ne, shi kuwa rumbu zagayayye ne, sai da ta yi ta gwadawa tana rushewa kafin ta gano yadda za ta jera su. Wannan lissafi ne, ko da ba a kira shi da sunan ba. A nan zan ɗan ratse in ce ra'ayin da ake da shi cewa gem na maza ne ba gaskiya ba ne, domin iyaye mata da yawa suna buga Candy Crush da ludo a wayoyinsu, kuma babu aibi a cikin hakan idan an sauke nauyin da ke kai, sai dai ya kamata mu yarda cewa shi ma gem ne, don mu yi wa yara adalci idan za mu yi musu hukunci.

Ni kaina a yanzu, idan na gaji da duba takardun jarrabawa, nakan buɗe Euro Truck Simulator 2 in tuƙa tirela na rabin awa. Babu faɗa a cikinsa, sai kiyaye fitilar hanya da auna kwana da lissafin mai, kuma tun ranar da na yi ƙoƙarin komawa da baya da doguwar mota a cikinsa nake ganin girman direbobin da ke bin hanyar Kaduna zuwa Kano.

Yanzu bari in zo kan inda na yarda da dattijon nan ɗari bisa ɗari, har ma na fi shi damuwa, saboda ni na shiga ciki na gani. Wasannin waya da ake saukewa kyauta, musamman na harbi da ake bugawa ta intanet irin su Free Fire na 2017 da PUBG Mobile na 2018 da Call of Duty Mobile na 2019, tsarinsu dabam yake da duk waɗanda na ambata a baya. Ana jefa mutum 50 ko 100 a fili ɗaya su yi ta kashe juna har a bar ɗaya ko ƙungiya ɗaya, kuma tun da da mutane na gaske ake bugawa, babu maɓallin dakatarwa. Idan mahaifiya ta kira, ko liman ya tayar da salla, yaron yana tsakanin ya amsa kira ko ya bar abokansa a kashe su su zage shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa, wasan da aka ba ka kyauta dole ta wata hanya zai ci daga jikinka, shi ya sa irin waɗannan wasanni suke da kyautar da sai ka shiga kullum za ka samu, da matsayin da ke zamewa idan ka yi kwanaki ba ka buga ba, da tufafi da bindigogin ado da ake saya da kuɗi na gaske.

Na faɗi haka ne da sanin abin da ya same ni. A lokacin kullen korona na 2020, makarantu suna rufe, wasu tsofaffin abokai suka ja ni cikin wani wasan harbi na waya. Da farko awa ɗaya ce bayan isha'i, kafin wata biyu sai ga ni ina kaiwa ƙarfe biyu na dare, kuɗin data ya ninka, ina tashi asuba da ƙyar. Wata rana da la'asar ƙaramin ɗana ya zo ya tsaya a kaina da butarsa yana cewa in zo mu yi salla, na ce masa ya jira minti biyar, minti biyar ɗin ta zama arba'in, da na ɗago kai na tarar ya yi sallarsa shi kaɗai a gefen gado ya naɗe dardumar. Maiɗakina ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Malam, yaran nan fa kai suke kallo." A daren na goge wasan. Shekara talatin ina buga gem, babu wanda ya taɓa yi mini irin wannan kamu, kuma ba don ya fi sauran daɗi ba ne, sai don an gina shi ne a kan kada ya ƙare.

Ba ni kaɗai nake ganin haka ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar gem cikin kundinta na cututtuka, inda ta bayyana ta da cewa mutum ya kasa iko da lokacin wasansa, ya fifita shi a kan sauran harkokin rayuwa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illar, yawanci na tsawon wata 12, tare da bayanin cewa kaso kaɗan ne na masu wasa suke kaiwa wannan matsayi. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare. Ita kuwa Beljiyam, a 2018 hukumarta mai kula da caca ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saya a cikin wasu wasanni, waɗanda mutum zai biya kuɗi bai san abin da zai fito masa ba, caca ce a ƙarƙashin dokarta, kuma a farkon 2019 kamfanin EA ya daina sayar da makin da ake sayen irin waɗannan akwatuna da shi a wasansa na ƙwallon ƙafa mai suna FIFA a ƙasar. Wannan batu na ƙarshe ya kamata malamanmu na addini su dube shi da kyau, domin yaron da ya saba biyan kuɗi don ya gwada sa'ar samun shahararren ɗan ƙwallo a wasan waya, taki ɗaya ne tsakaninsa da shagon cacar ƙwallo da ke bakin titi.

Akwai kuma abin da ya shafi aƙida, wanda sai wanda ya san wasan zai iya ganowa. A 2020 an ƙara wani sashe a PUBG Mobile inda mai wasa yake zuwa gaban wani gunki ya yi alamar bauta don ya samu ƙarin lafiya, Musulmi masu buga wasan a ƙasashen Larabawa da sauran wurare suka yi ca, malamai suka yi magana, kamfanin ya ba da haƙuri ya cire abin. Waɗanda suke ciki ne suka gani suka faɗa. Da a ce kowa ya kawar da kai ya ce gem shirme ne bai cancanci a duba ba, da abin yana nan yara suna ta yi babu wanda ya sani.

A gidana abin da na tsayar shi ne, babu wasan da zai shiga sai na buga shi da kaina ko na zauna na kalli yadda ake buga shi, kuma tambayar farko da nake yi ita ce ko ana iya dakatar da shi a tashi idan an yi kira. Kwamfutar tana falo inda kowa ke wucewa, waya ba ta kwana a ɗakin yara, kuma ba a haɗa katin banki da kowane wasa. Idan na ga yaro ya yi mako biyu a kan wasa ɗaya har ya fara fushi idan aka yi masa magana, sai in canza masa da wani iri dabam, daga ƙwallo zuwa gini, daga gini zuwa na lissafi, wani lokaci kuma in fitar da su waje in haƙa ramukan dara in nuna musu yadda kakansu yake yi. Na lura cewa canjin nan kaɗai yana karya kamun da wasa ɗaya yake yi wa zuciya. A aji ma ina gane bambancin, domin ɗalibin da ke gyangyaɗi a darasin farko kusan kullum ɗan wasan harbin dare ne, ba wanda ya buga ƙwallo wasa biyu da ƙaninsa da yamma ba.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne wannan jarida ta ware ɗan fili, ko da sau ɗaya a wata ne, inda za a riƙa ɗaukar wasa guda a yi bayaninsa da Hausa: me ake yi a cikinsa, shekara nawa aka rubuta masa, ana iya dakatar da shi ko ba a iyawa, yana neman kuɗi a ciki ko ba ya nema, yana haɗa yaro da baƙi ta intanet ko ba ya haɗawa, kuma akwai abin da ya saɓa wa addini da tarbiyya a cikinsa ko babu. Iyaye da yawa ba sa jin Turancin da aka rubuta gargaɗin da shi, su kuma yaran ba za su faɗa musu ba. Akwai matasa masu hankali a jami'o'inmu da za su iya wannan aiki, kuma idan aka buɗe filin, ni ma a shirye nake in aiko da bayanin wasanni biyar da na fi gani a wayoyin ɗalibaina. Shi kuwa dattijon da ya yi magana a taronmu, na riga na nemi izinin in kai masa ziyara gida ranar Asabar mai zuwa, zan tafi da kwamfutata in nuna masa 'yan lifidin nan da gidan da 'yata ta gina, sannan in ba shi labarin abin da ya same ni a 2020.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin sakandare,
Zariya, Jihar Kaduna.